Yadda Magabata Suke Auna Daji Kafin Su Kafa Gari

Muna murnar cikar wannan sarauta shekara 100.

Idan ana bikin irin wannan, abin da aka saba lissafawa shi ne sunayen sarakuna da yawan shekarun da kowannensu ya yi bisa gado. Akwai kuma wani lissafin da ba a cika kula da shi ba, wato jerin sunayen garuruwa da ƙauyukan da sarautar take riƙe da su. Duk wanda ya bi taswirar jihar Maraɗi da yatsa zai ga Gidan wane, Garin wane, Tungar wane, Zangon wane, Rijiyar wane, sun cika ta daga iyakar Najeriya har zuwa kwarin Tarka. Kowane suna daga cikinsu shaida ce cewa wata rana wani mutum ya tsaya a tsakiyar daji, da gatari a kafaɗa da iyali a bayansa, ya duba gabas ya duba yamma, ya yanke shawarar cewa nan zai zauna. In ya dace, jikokinsa su gaji gari. In ya kuskure, shekara kaɗan wurin ya koma kufai, sunansa ma ya ɓace.

Aikin radiyo ya kai ni ƙauyuka da dama ina ɗaukar muryar dattawa, kuma na saba yi musu tambaya guda: me ya sa kakanku ya zaɓi nan? Amsoshin suna bambanta wajen labari, amma kusan kullum suna komawa kan abu huɗu: tsaro, ruwa, ƙasa, da izinin waɗanda aka tarar. Abin da nake son bayyanawa a wannan rubutu shi ne yadda suke auna waɗannan abubuwa, da inda awon nasu ya ci, da kuma inda ya kuskure, domin har yau ɗiyanmu suna fita neman wurin zama da gona, kuma tambayoyin ba su sake ba.

Zamanin da tsoro yake zaɓa wa mutum mazauni

A ƙarni na 19, manomi a wannan ƙasa ba shi da ikon zama inda ya ga dama. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka yi gudun hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen shekara ta 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri kusa da ita. Biranen biyu duka a cikin kwarin Gulbin Maraɗi suka zauna, kuma dalilin a fili yake. Ruwa yana kusa, fadama tana ba da dawa da kayan lambu, sa'an nan kurmin da ya rufe kwarin a wancan zamani garkuwa ne, domin doki ba ya sukuwa cikin sarƙaƙiya. Mutane suka cunkushe a gefen gulbi da kewayen garuruwa masu ganuwa ko kafi, irin su Tasawa da Gazawa, gonaki kuwa ba su wuce inda mutum zai iya shekowa gida in an buga gangar yaƙi ba.

Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa cikin watan Janairu na 1851. Ya tarar da Gazawa kewaye da kafi da gwalalo, daga nan kuma ayarinsu ya ratsa dajin da babu kowa a cikinsa, suka wuce kangon Ɗankama kafin su isa ƙasar Katsina. Wannan daji ba rashin albarka ya hana a zauna shi ba. Ƙasa ce mai kyau, amma tana tsakanin sarautu biyu masu gaba da juna, hanyar mahara ce. Ashe tun a wancan lokaci darasi na farko ya bayyana: komi kyan gona, in mai ita ba zai kwana da ido biyu rufe ba, ba ta zaunuwa.

Buɗewar daji

Ƙarshen ƙarnin ya zo da tashin hankalinsa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar tana ƙone garuruwa har ta watse a kusa da Tasawa. Bayan haka Faransa da Ingila suka daidaita kan iyaka, aka shata ta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Mulkin Nasara ya zo da nasa nauyin, lanho da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, amma ya kashe hare-haren da ake kai wa juna. Cikin shekaru kaɗan mutane suka fara fita daga ganuwa.

Dalilan fitar suna da yawa. Akwai wanda gonar gandu ta yi wa kaɗan saboda yawan ƴanʼuwa. Akwai ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, ya kwashi mutanensa ya yi gaba. Akwai bayin da suka sami kansu suna neman inda ba wanda zai tuna musu da asali. Akwai wanda ya guje wa idon kwamandan da masu karɓar lanho. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ita ma ta tarwatsa gidaje da dama. Waɗansu suka yi kudu cikin dajin da Barth ya ratsa, waɗansu suka yi arewa, suka haye Gulbin Kaba zuwa ƙasashen Mayahi da Kwarnaka, daga baya har Dakwaro, inda Nasara suka kafa bariki a 1947. Yawancin ƙauyukan da muke gani yau a jigawa, a wannan tsakani aka sare su.

Mai niyyar kafa gari ba ya tashi da iyali rana ɗaya. Mafarauta ne idanunsa na farko, domin su suka san inda tabki yake daɗewa bai ƙafe ba, da inda namun daji suke sha. Makiyaya, Fulani da Bugaje, su ma ana tambayarsu, haka nan madugan ayarin da ke sauko da gishirin Bilma. Bayan ya ji, sai ya tafi da ƙafarsa, domin gani ya kori ji. In wurin ya kwanta masa, ba ya gina soro. Tunga yake yi, wato bukkoki biyu ko uku na kara, ya zo da samarin gidansa su yi sassabe, su yi damana guda, su kwashe amfanin su koma gida da rani. Damana biyu, uku, wani lokaci fiye, yana gwada wurin. Sai ya tabbata sa'an nan mata da yara su biyo, a kafa rumbuna. Wannan jinkiri shi ne babbar hikimarsu, domin wanda ya yi tunga ya ga ba ta yi ba, asararsa ƴan bukkoki ne kawai.

Ruwa

Tunga ba ta zama gari sai da rijiya. Shi ya sa a al'adar wannan ƙasa, wanda ya gina rijiyar farko shi ne mai gari, kuma zuriyarsa ce take gadon sarautar wurin ko da waɗanda suka zo daga baya sun fi su yawa da dukiya. Da yawa daga cikin shari'un sarautar ƙauye da ake kawowa fada, in aka bi diddigi, kan wannan tambaya suke tsayawa: kakan wa ya haƙa rijiya?

Neman inda za a haƙa ilimi ne mai zaman kansa. Ana duba gangaren ƙasa, inda ruwan sama yake taruwa ya kwanta. Ana duba itatuwa: goriba da giginya ba su yawaita sai inda saiwarsu take kai wa ga laima, shi ya sa kwarin Gulbin Kaba, wanda ruwa ya daina gudu a cikinsa tun da daɗewa, ya ja mutane, domin goribarsa ta nuna akwai ruwa a ƙarƙashi. Kanya da marke da tsamiya masu ganye shar a tsakiyar bazara su ma alama ce. Waɗansu magina rijiya suna lura da suri, suna cewa gara ba ta gini inda ba ta samun jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zurfi kuwa da gaba ake auna shi, wato tsawon hannuwa biyu a buɗe. A fadama gaba kaɗan ta isa. A jigawar arewa kuwa akwai wuraren da sai an wuce mita 50 kafin a ga laima, cikin rairayi mai zubowa, ana kafe bakin da itace. Irin wannan rijiya takan ci watanni, takan ci rai kuma.

Samun ruwan bai ƙare magana ba. Ana ɗanɗana shi, a ji ko yana da zartsi ko kanwa. Ana jira a gani ko zai kai watan bazara, lokacin da guga ya fi yawa a baki. Ana lissafin zurfinsa da wahalar matan da za su ja shi kullum, domin rijiyar da sai da jaki ko raƙumi ake janta tana cin rabin yinin gida. Dattawa sun san kuma cewa garin da ya dogara da tabki kaɗai ba ya rabuwa da kurkunu, cutar da take kwantar da manomi daidai lokacin noma, wadda sai a 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da ita.

Akwai abin da harshe ba ya ganewa, kuma wannan darasi mun koye shi da tsada. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, mutanen Tsibiri sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa garau mai daɗin sha, ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima. Yara masu yawa suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙasusuwa a tanƙware. Tun daga nan, duk mai hankali ya san cewa sabon ruwa sai an kai shi awo kafin a ba yaro.

Ƙasa da abin da ya tsiro a kanta

Manomin wannan yanki ya raba ƙasa gida uku tun kafin a zo da ilimin lakwal. Jigawa ita ce rairayi mai sauƙin nomewa, tana shanye ruwa nan da nan ta ɓoye shi a ƙasa, hatsi da wake da gujiya suna sonta, amma tana saurin gajiya. Geza ta fi tauri da ƙarfi, tana ba da amfani mai yawa a shekarar ruwa, sai dai in ruwa ya yi ƙaranci tana ɗaurewa, ruwan ya gudu a kanta bai shiga ba. Fadama kuwa laka ce, ta dawa da rake da lambu, mai albarka, amma ambaliya tana iya cinye ta dare ɗaya. Mai neman wurin zama yana son ya haɗa aƙalla biyu daga cikin ukun a tafiyar da ba ta wuce ta hantsi ba, domin shekarar da geza ta ƙi, jigawa ta rufa asiri. Waɗanda suka fara sarar dajin arewa jigawa suka fi bi, saboda mutum guda da hauya yana iya nome fili mai faɗi a cikinta.

Ciyawa da itace su ne takardar da suke karantawa. Inda gamba ta yi tsawo ta yi kauri, ƙasar tana da rai. Gawo abokin manomi ne, domin yana zubar da ganyensa da damana, bai hana shuka rana ba, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna barin taki. Hatsin da ke gindin gawo kowa ya san ya fi na sarari. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Kalgo da sabara suna tare ƙasar da iska ke kwasowa. Tumfafiya da ƙuduji kuwa, in sun yi yawa, suna faɗin cewa wani ya riga ya ci ƙarfin wurin. Fako, inda ko ciyawa ba ta fita, ana kauce masa.

Kuka tana da nata bayani. Inda aka ga kukoki a tare cikin daji, da tsingaro a ƙasa da alamar tsohuwar marina ko rijiyar da ta rufta, an san kufai ne. Kufai yana da daɗin noma saboda tokar da takin mutanen dā, amma mai hankali ba ya sauka a kansa sai ya tambaya: me ya tashe su? In yaƙi ne, to yaƙi ya wuce. In rijiya ce ta ƙafe ko annoba ta yi ta ɗaukar yara, abin da ya kore su yana nan yana jiran na gaba.

Faɗin dajin ma ana auna shi. A wancan zamani gona takan yi shekara huɗu ko biyar ana nomanta, sa'an nan a bar ta saura ta huta shekaru masu yawa. Saboda haka mai kafa gari ba gonar bana kaɗai yake dubawa ba. Yana lissafin inda zai koma in wannan ta gaji, da inda ƴaƴansa za su sara in sun yi aure, da inda za a yanka wa mata gamana, da inda awaki za su yi kiwo, da inda za a samo itacen girki da na rufin ɗaki.

Izini da maƙwabta

Babu dajin da ba shi da mai shi, ko da ba a ga kowa a ciki ba. Mai son kafa gari yakan je fada da gaisuwa, sarki ya ba shi izini, wani lokaci ya haɗa shi da ɗan saƙo ya nuna masa iyaka: daga wancan gawo zuwa wancan tabki. Bayan girbi shi kuma ya aiko da dammunan hatsi, alamar ya san a ƙasar wa yake. A inda Anna suke da ƙarfi, akwai kuma abin da ake yi na neman yardar iskokin wurin kafin a sa gatari, kuma bikin buɗin daji da aka san shi a Gobir da ƙasar Ƙwanni yana da nasaba da wannan tsohuwar fahimta, cewa daji ba a faɗa masa kai tsaye. Musulmi kuwa malami suke kira ya yi addu'a a bakin rijiya. Kowace hanya aka bi, manufar ita ce a shaida a gaban jama'a cewa wane ya shiga wurin nan da sani da yarda.

Maƙwabcin da ya fi muhimmanci shi ne makiyayi. Sau da yawa shi ya riga manomi sanin wurin, tabkin da manomi ya gani mashayar shanunsa ce. Magabata masu hangen nesa suna barin burtali a buɗe, ba su shuka a bakin mashaya, bayan an kwashe amfani kuma su bar dabbobi su shiga su ci kara su bar taki, a yi musayar hatsi da nono. Inda aka kiyaye wannan, gari ya zauna lafiya. Inda gonaki suka haɗiye burtali da mashaya, rikici ya biyo baya, kuma jihar nan ba za ta manta da abin da ya faru a Toda cikin watan Oktoba na 1991 ba, inda aka rasa rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ana kuma duba nisan kasuwa, domin gidan da ba ya iya kai hatsi ya sayo gishiri da kanwa da tufafi cikin yini guda, zamansa wahala ne.

Inda awon ya kuskure

Duk da wannan ilimi, an yi kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne: auna wuri da shekarun da aka gani kawai. Misali na farko shi ne birnin Maraɗi kansa. Fiye da shekara 100 yana zaune a cikin kwari, har aka ɗauka gulbi ya san iyakarsa. A damanar 1945 ruwa ya zo ya ci tsohon garin, dole hukuma ta tayar da mutane zuwa tudu, aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna, wanda muke gani yau. Abin da ya sa wurin ya dace a zamanin dawaki, shi ne ya zama hallakarsa a shekarar ruwa.

Misali na biyu ya fi wannan faɗi. Shekarun 1950 da farkon 1960 sun zo da ruwa mai yawa a duk ƙasashen Sahel. Kuɗin gujiya ya shigo, ta cinye gonakin kudu, masu neman inda za su shuka hatsi suka yi ta matsawa arewa, suna samun amfani a wuraren da kakanninsu suka sani da makiyaya kawai. Wanda ya yi tunga a waɗannan shekaru, ya gwada damana uku duka suka yi kyau, bai yi ganganci ba bisa ƙa'idar magabata. Gwajin ne ya faɗo cikin shekarun da ba su nuna ainihin halin wurin ba. Hukuma ta hango hatsarin. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a jiharmu take bin wajejen kwarin Tarka, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 350 ba. Amma doka a takarda ba ta tsayar da mai neman abinci.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya bar rumbuna wayam, na 1984 kuma ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, shugaban ƙasar na wancan lokaci. Ƙauyukan arewa da yawa suka watse, mutanensu suka cika gefen Maraɗi da Damagaram da Kano. Waɗanda suka tsaya, in ka bincika, za ka tarar yawancinsu suna da rijiya mai zurfi wadda ba ta ƙafe ba, ko suna da kwari kusa, ko suna haɗa noma da kiwo, ko suna da dangi a kudu da za su aika wa yara. Dattijon da ya ga waɗannan shekaru, in ka tambaye shi kyan wuri, ba ya ba ka labarin shekarar da aka cika rumbu. Yakan ce ka tambayi abin da wurin ya yi a shekarar da ruwa ya ɗauke, da kuma shekarar da ya yi yawa.

Abin da ya rage mana

Yau dajin da za a sara ya ƙare. A lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen Nijar duka ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi ita kaɗai ta haura miliyan 3 da dubu 400. Saura ta ɓace a yawancin ƙasar kudu, gona tana gaji da rabo har ta koma ƴar ƙarama. Mai neman wurin zama a karkara yanzu, ko matashi ne da gandu ya yi wa kaɗan, ko ma'aikacin da ya yi ritaya yana son komawa noma, ko ɗan kasuwar da ke son lambu, saye yake yi ko aro ko jingina. Da haka tambayar izini ta koma ta takarda. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta rubuce, ta kuma buɗe hanyar kafa kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma, inda mai gari da sarkin kanto suke da wurin zama. Wanda ya sayi gona bai kira magada duka ba, bai kira maƙwabtan iyaka ba, bai karɓi takardar shaida ba, shari'a ya saya wa ƴaƴansa. Dokar makiyaya ta 2010 kuma ta tabbatar cewa burtali da mashaya da hurumin kiwo ba na sayarwa ba ne, ko wa ya sa hannu.

Sauran tambayoyin ma suna nan da sabuwar riga. Ruwan Gulbin Maraɗi ya sake hali tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, saboda haka mai son fadama sai ya tambayi halinta na yanzu, kada ya dogara da labarin kakansa. Ambaliyar 2024, wadda ta rusa gidaje masu yawa a jihar nan, ta tuna mana da 1945: kafin a aza tubali, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa. Tsaro ma, wanda muka ɗauka ya zama tarihi, ya dawo cikin lissafi, domin daga 2019 satar shanu da garkuwa da mutane a gefen iyaka, a ƙasashen Madarumfa da Gidan Runji, sun sa masu zama su kaɗai a gona sun koma cikin gari, kamar yadda kakanninsu suka yi a zamanin kafi.

Abu guda ne ya sake wanda yake ba da ƙarfin gwiwa. Magabata suna neman ƙasa mai kyau ne su sara. Mu kuwa mun koyi gyara wadda ta gaji. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman jihar nan suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon ƙone shi, abin da ake kira sassaben zamani ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye, har garuruwa irin su Ɗan Saga a ƙasar Age suka yi suna da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ne suka sake yin itace a kudancin Nijar ta wannan hanya. Saboda haka mai duba gona a yau, bayan ya ga tumfafiya da ƙuduji, sai ya sunkuya ya ƙirga kututturan gawo da kalgo da sabara masu rai a cikinta. Gonar da take da su tana iya farfaɗowa cikin shekaru kaɗan.

Shawarata ga matasanmu ita ce ta magabata: a je wurin da rani a gani, a koma da damana a gani, a sha ruwan rijiyar a kai shi awo, a zauna da tsofaffi a tambaye su 1984, a gaida mai gari da makiyayin da ke wucewa, a fara da bukka kafin soro. Garuruwan da wakilansu suka hallara a wannan biki, waɗanda suka ga fari da ambaliya suna nan daram, an kafa su ne da irin wannan haƙuri.

Allah ya jiƙan waɗanda suka haƙa rijiyoyin farko, ya ba mu damana mai albarka, ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci.